Darasi na 9: Yadda ake biyan kuɗin mota da kati a Legas

Duk wanda ya sauka Legas daga Arewa, ko Agege ya nufa ko Mile 12 ko Idi-Araba, zai tarar da motocin haya iri biyu. Akwai ƙananan bas masu ruwan ɗorawa da ake kira danfo, waɗanda kwandasta ke karɓar tsabar kuɗi a hannu. Akwai kuma manyan bas na BRT, masu hanyarsu daban a kan titi, waɗanda suka fara aiki a 2008. Su waɗannan da kati ake shigarsu, kuma sunan katin Cowry. Ma'anar Cowry ita ce wuri, wato abin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Jam'in wuri kuwa shi ne kuɗi.

Katin roba ne, girmansa ɗaya da katin cirar kuɗi na banki. Hukumar sufurin Legas, LAMATA, ce ke kula da tsarin. Da katin ake shiga jirgin ƙasa na Shuɗin Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, da na Jan Layi da ke bi ta Agege tsakanin Agbado da Oyingbo.

Sayen kati da zuba kuɗi

Ana sayen katin a manyan tashoshi, kamar Oshodi da Ikeja da Ikorodu. Kuɗin kati daban, kuɗin tafiya daban. Sabon kati fanko ne sai ka zuba masa.

1. Je wurin ma'aikacin da ke rumfar sayar da kati, ba wanda ya tare ka a bakin titi ba.
2. Faɗi adadin da kake so a zuba. In ba ku jin harshen juna, rubuta adadin a takarda ka nuna masa: 2,000.
3. Miƙa kuɗi da kati. Zai kara katin a jikin na'urarsa.
4. Kada ka bar wurin sai ka ga sabon adadin a fuskar na'urar da idonka. In an ba da rasit, karɓi ka adana.

Mataki na huɗu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa saboda sauri, kuma daga nan yawancin gardama ke tasowa. Lura da sifili: 500 da 5,000 sifili ɗaya ne ya raba su.

Mai babbar waya yana iya zuba kuɗi ta manhajar Cowry. Sai dai kuɗin yakan fara shiga asusunka na manhajar ne, bai hau kan kati ba tukuna. Sai an kara katin a bayan wayar da ke iya karanta shi, ko a na'urar ma'aikaci, sannan ya hau.

Karawa sau biyu

A bakin ƙofar mota akwai ƙaramar na'ura mai fuska kamar ta waya. Kara katin a jikinta, ka bar shi kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu, har ka ji ƙara ka ga rubutu ya fito. Ba a goga shi, ba a cusa shi cikin wani rami. Da ta karɓa, ɗauke hannunka ka wuce.

Idan ka zo sauka, sake karawa. Nan ne zuciyar darasin. Lokacin da ka shiga, na'ura ba ta san inda za ka sauka ba, don haka takan cire kuɗin hanyar gaba ɗaya har tashar ƙarshe. Karawar sauka ce ke shaida mata cewa a tsakiya ka tsaya, sai ta maido maka da rarar. Wanda ya diro ya tafi bai kara ba, ya bar canjinsa a mota, kuma babu kwandastan da zai bi shi da shi.

Wannan ne ma ya sa wani lokaci na'ura ke ƙin katin da ke da kuɗi a ciki: abin da ya rage ya isa inda za ka, amma bai kai kuɗin tashar ƙarshe ba. Gara ka zuba da yamma in za ka fita da asuba, don layin safe ba ya jiran kowa. Haka kuma kowane fasinja ya riƙe katinsa, domin tafiyar mutum ɗaya kati ke lissafawa tsakanin shiga da sauka.

Abin da ke kashe kati

A cikin robar akwai siririyar waya da ta zagaye gefen katin, da ita yake magana da na'ura. In ta tsinke, kati ya mutu ko da a ido lafiyarsa lau. Huda shi don a rataya da makullai yana tsinka ta. Zama a kansa a aljihun baya yana lanƙwasa shi. Zafin rana a gaban mota ma haka.

Wata matsalar kuma, kara walat dungurungum alhali da katin banki a ciki. Na'ura takan rikice da kati biyu. Zaro na motar shi kaɗai.

Kati ba shi da lambar sirri, duk wanda ya tsince shi zai iya hawa mota da shi. Saboda haka kada ka zuba abin da ya wuce na mako guda. Kwafe lambar da ke jikinsa a littafinka, kuma in ya ɓace ka kai rahoto tasha ran nan.

Aikin yi

Waɗannan adadin na koyo ne, ba farashin mota ba.

1. Akwai naira 2,000 a katin Ladi. Da ta shiga an cire 800, da ta sauka aka maido 300. Nawa ne kuɗin tafiyarta? Nawa ya rage?
2. Da ba ta kara wajen sauka ba, nawa za ta yi asara a tafiya goma?
3. Rubuta da lamba: dubu ɗaya da ɗari biyar, dubu biyar da hamsin.
4. Karanta lambar katinka da ƙarfi, abokin zamanka ya rubuta, sannan ku gwada da ta jikin katin.