Yadda ake gano matsalar P0106 da ke dawowa bayan an goge ta

Duk wanda ya sayi 'yar na'urar karanta lambobin mota, abu na farko da yake koya shi ne gogewa. Fitilar injin ta kama a tablo, ya soka na'ura, P0106 ta fito, ya goge, mai mota ya biya ya tafi. Kwana biyu sai ga shi ya dawo da fitilar a kunne. Daga nan sai a ce sansa ta mutu, a aika yaro kasuwa. Na ga ana wannan a gareji da yawa nan Maradi, ni ma na taɓa yi, shi ya sa nake son mu bi abin daki-daki.

P0106 tana magana ne a kan sansar MAP, wadda ke auna matsin iskar da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, bayan maƙogwaron iska. Da ita ƙwaƙwalwar mota ke sanin yawan man da za ta fesa. 'Yan uwanta su ne P0107, wato wutar da sansa ke maidowa ta yi ƙasa sosai, da P0108, ta yi sama sosai. Ita P0106 cewa take yi abin da sansa ke faɗa bai dace da abin da injin ke yi ba. Babu inda ta ce sansar ce ta lalace. Kuma a yawancin motoci sai ƙwaƙwalwa ta ga kuskuren a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila, shi ya sa gogewa ke yi kamar ta yi magani har mai mota ya fita gari.

Saboda haka kada ka goge komai tukuna. Shiga wurin da na'urar ke ajiye halin da injin yake ciki lokacin da lambar ta faɗo: zafin ruwa, juyin injin, gudun mota. Rubuta su a takarda. In a tsaye ta faɗo, injin na ralanti, abin da 'yan Najeriya ke ce wa silo, wannan hanya daban ce. In kuma ana cikin gudu a hanyar Dan Isa ko ta Tasawa ne, wata hanyar ce. Wanda ya goge ya zubar da shaidar da hannunsa.

Sai ka buɗe kwantak ba tare da ka tada injin ba, ka dubi abin da sansa ke karantawa. Ya kamata ta nuna nauyin iskar waje. A bakin teku kamar Kwatano kusan 101 kPa ne, wato ma'aunin matsin iska. Nan Maradi da muke ɗan tudu za ka ga wajen 96 ko 97. Tada injin ya yi zafi: lafiyayyen injin fetur marar turbo yana sauka tsakanin 25 da 40 a ralanti. Taka totur da sauri, lambar ta haura kusa da ta farko, ka saki ta faɗo. In ta maƙale a 60 ko 70 mota na tsaye, ga hayaƙi baƙi, buji sun yi kunkunniya, mai na tafiya kamar ana zuba shi a rairayi, to ƙwaƙwalwa na zaton motar na hawan tudu da kaya ne.

Wayoyi uku ne a soket ɗin sansar: ɗaya mai kawo volt 5, ɗaya mas, ɗaya mai maida saƙo. In ka ga huɗu, ta huɗun ta zafin iska ce. Da mita ake aunawa. Fitilar gwaji ba ta da aiki a nan, ni ba na barin yarana su kusanci wayar sansa da ita. A motoci da yawa wayar saƙo tana ba da wajen volt 4 zuwa 4.5 kwantak a buɗe injin a kashe, ta sauko 1 zuwa 1.5 a ralanti, amma wasu irin su Honda ba sa kaiwa volt 4. In volt 5 ɗin ya ragu, ka tuna a motoci da yawa layi ɗaya suke sha da sansar totur, ita can ce za ta iya janye shi.

Yanzu ga inda na sha wuya. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo mini motarsa, mai zuwa Jibiya kusan kowane mako. Na auna komai a gareji, lafiya lau. Na canza sansa duk da haka, ya dawo. Na sa aka kawo wata daga Katsina, ya sake dawowa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kuɗin ba su dame ni ba kamar tsayawar da take yi mini a daji." Maganar ta tsaya mini a rai. Ran nan na bar injin yana aiki, na ba yaro mita ya riƙe, na kama wayoyin ina lanƙwasa su kaɗan-kaɗan daga bakin soket zuwa ciki. Ban kai tsawon yatsa ba yaron ya ce, "Maigida, ta motsa!" Injin ya yi tari. Da na fere robar, tagullar ciki ta karye saura sili biyu, ga kore-kore a jikinta, amma daga waje sumul. A gareji silin biyu na riƙe da wuta, sai an hau gargada su rabu. Sansa biyu Alhaji ya saya a banza saboda ban yi aikin minti biyar ba.

Tun daga ranar ba na yarda da awon da aka yi waya na kwance. Girgiza soket, ja kowace waya ita kaɗai, duba ƙusoshin ciki ko sun buɗe baki, bi damin wayoyin har inda yake gogar ƙarfe. Zafin watan Afrilu da na injin suna busar da roba har ta zama kamar ƙirgi.

Haka tiyo. A tsofaffin Toyota irin su Starlet sansar tana jikin bangon da ya raba injin da cikin mota, siririn tiyo ne ke haɗa ta da manifol. Cire shi gaba ɗaya, lanƙwasa shi a rana, tsagar takan ɓuya a ƙasa wajen baki. A Honda da Peugeot 406 kuwa a jikin injin take zaune, zoben robarta ne ke shanyewa. In kana son gwada sansar kanta ba ka da famfon gwaji, babban sirinji na kemis ya isa: haɗa shi da bakinta, ja a hankali, wutar ta riƙa sauka ba tsalle, in ka tsaya ta tsaya. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai kan toshe ɗan ramin sansar. Fesa mata maganin wanke sansa ka bar ta ta bushe. Kada ka zura waya, kada ka busa da kwamfaresa. Ka duba filtar iska ma, don in ta yage aikin zai dawo.

In waya lafiya, tiyo lafiya, sansa ta ci gwajin sirinji, amma lambar ralanti na sama, to gaskiya take faɗa, injin ne ba ya zuƙa. Duba bawul ɗin EGR, mai maida hayaƙi cikin injin, ko ya maƙale a buɗe, salansa ko ta toshe, bel ɗin taimin ko ya tsallake haƙori, sannan ka auna matsin silinda. In kuwa sansar ce ta faɗi gwaji, nemi mai lamba ɗaya da ta jikin motar. Na fi son ta asali da aka ciro daga wata mota a kan sabuwa marar suna. Sai yanzu za ka goge lambar. Fita da motar sau biyu, kana kashe injin a tsakani, ɗaya a kwalta ɗaya a gargada, na'urar na soke kana kallon abin da sansa ke karantawa, kafin ka kira mai ita.