Yadda ake tattalin harsashi da kayan aiki a gem ɗin The Last of Us

Kamfanin Naughty Dog ya fitar da The Last of Us a watan Yuni na 2013 a kan PlayStation 3, aka sabunta shi don PS4 a 2014, aka sake gina shi don PS5 a 2022, sannan ya zo kwamfuta a 2023. A duk waɗannan fitowa matsalar mai wasa ɗaya ce: Joel, wanda kake riƙe da shi, da yarinya Ellie za su ratsa Amurka daga Boston zuwa Salt Lake City, shekara 20 bayan annobar da ta mai da mutane dodanni, kuma abin da ke jakarsu bai taɓa isa ba. Wanda ya saba da gem ɗin harbi yakan zazzage bindigarsa a faɗan farko, ya shiga na biyu hannu rabbana. Abin ya fi tsanani a matakan wahala na Survivor da Grounded, inda kaya ke ƙaranci, a Grounded kuma aka cire maka damar kasa kunne ka gane inda maƙiyi yake ta bayan bango. Ga yadda za ka bi.

Fara da sanin cewa kusan kowane abu da ka tsinta yana da baki biyu. Tsumma da barasa su ne ke zama bandeji, su ne kuma ke zama kwalbar wuta. Almakashi in ka haɗa shi da salatif ya ba ka wuƙa, in ka haɗa shi da nakiya ya ba ka bam mai ƙusoshi, kuma shi ɗin dai ake ɗaurawa a bakin sanda don ta yi kisa da bugu ɗaya. Nakiyar ma ana rabonta tsakanin bam mai ƙusoshi da bam mai hayaƙi, wanda ke buƙatar sukari. Saboda haka duk lokacin da ka haɗa wani abu, ka hana kanka wani. Shawarata ita ce ka riƙe bandeji ɗaya kullum, sauran tsumma da barasa su tafi ga kwalbar wuta. Kwalba ɗaya da ta faɗa inda ya dace tana hana raunin da bandeji biyu ba za su warkar ba. A Grounded kuwa, inda duka kaɗan ke kashe ka, sau da yawa ba ka ma kai ga ɗaura bandejin.

Ka kuma lura da iyakar jaka. Uku kawai take ɗauka na kowane irin kayan haɗi, uku na kowane abin da ka haɗa. Idan almakashinka ya cika uku kuma ga wani a kan tebur, kada ka wuce shi. Tsuguna ka haɗa wuƙa ko bam, gurbi ya buɗe, ka ɗauka. Mutane da yawa na yin asara a nan saboda rowa: suna ajiye kayan haɗi ɗanye, jaka ta cika, suna barin sabo a ƙasa. Haɗin kuma a yi shi kafin faɗa, domin wasan ba ya tsayawa idan Joel ya buɗe jaka. Yana durƙushe yana naɗa salatif za a iya cim masa.

Abu na gaba shi ne bulo. Bulo da kwalbar banza suna warwatse ko'ina, ba su cin komai daga jakarka, amma ɗaya kawai kake iya riƙewa. Kada ka shiga sabon ɗaki hannunka babu ɗayansu, kuma in an ba ka zaɓi ka ɗauki bulo. Dukansu ana jefa su nesa don a ja hankalin maƙiyi, dukansu suna gigita wanda aka jefa a fuska har ka ruga ka gama da shi, amma bulo ana iya riƙe shi a hannu a yi ta duka da shi har ya kashe. Yawancin wuraren da sabon ɗan wasa ke ƙona harsashi biyar, bulo ɗaya da sanda sun ishe su.

Sai ka san wa ke gabanka kafin ka zaɓi makami. Mutane, irin 'yan farautar Pittsburgh, da masu cutar da ba su daɗe da kamuwa ba, waɗanda ke gani kuma suke rugowa da gudu, duk ana iya lallaɓawa ta baya a shaƙe su. Shaƙa kyauta ce, sai dai tana cin lokaci, don haka ka jira wanda ya ware daga 'yan uwansa, ka ja shi bayan mota ko kanta sannan ka shaƙe. Kada ka ɓata wuƙa a kan wanda hannu zai iya kashewa, sai in wani na dab da juyowa.

Kilika daban ne. Su ne makafin da cutar ta tsaga musu fuska, masu wannan ƙara ta ƙas-ƙas, kuma da ji suke farauta. Ba sa shaƙuwa, naushi ba ya yi musu komai, in sun kama ka kuma an gama. Hasken tocila bai dame su ba, takunka ne ke tona ka. Tsuguna, ka tura sandar pad ɗin a hankali, ba har ƙarshe ba, ka wuce ta gefensu. Mafi yawan kilika da ke cikin wasan ba dole ba ne a kashe su, kuma wanda ka bari a tsaye bai ci maka ko tsinke ba. Idan sun yi yawa a hanyar da dole ka bi, jefa kwalbar banza a tsakiyar fili, ka bar su su taru a kan ƙarar, sannan ka sauke musu kwalbar wuta. Da yawa ihun waɗanda ke ƙonewa ma yakan jawo wasu su faɗa cikin wutar.

Wannan ya kawo mu ga wuƙa, wadda a ganina ita ce abu mafi daraja a jakar Joel. Akwai ƙofofi 13 a kulle cikin wasan waɗanda wuƙa kaɗai ke buɗewa, kuma buɗewar tana cinye wuƙar. Kada ka ji zafin hakan. Bayan irin wannan ƙofa akan samu harsashi, ƙwayoyin ƙara wa Joel ƙwarewa, notunan inganta makamai da kayan haɗi fiye da abin da wuƙar ta ci, wani lokacin har da littafin koyarwa. Abin baƙin ciki shi ne ka iso ƙofar babu wuƙa, domin wasan ba ya barin ka dawo baya in ka wuce wurin. Don haka wuƙar ƙarshe ta ƙofa ce, a ɗauka ba ka da ita. Haka akwatunan ƙarfe masu lamba: lambar tana rubuce a wata takarda kusa, ka neme ta kafin ka bar unguwar.

Baka da kibiya kana samunsu a garin Bill, wani tsohon sanin Joel. Ba su da ƙara, kuma kibiya wani lokacin ba ta karyewa, sai ka je ka zare ta daga gawa. Ka riƙa duba kowace gawa da bangon da ka yi kuskure ka harba. Bindiga kuwa ta zama ta ƙarshe, don ƙararta tana kiran duk wanda ke wurin, kuma ba kowane maƙiyi ke barin harsashi ba ko da ka gan shi yana ta harbi. In dole ne, bari ya matso, ka nufi kai. Harsashin babbar bindiga mai watsa ƙananan harsasai wadda Bill ke ba ka, ka adana shi don lokacin da aka rufe ka.

A teburin gyara, fara da maratayin bindiga. Ba tare da shi ba, sauya bindiga na nufin buɗe jaka a tsakiyar faɗa. Bayan haka ka zuba notuna a kan makamai biyu ko uku da hannunka ya saba da su, kada ka yayyafa wa kowanne kaɗan-kaɗan kamar mai rabon goron suna. Akwai akwatunan kayan aiki guda 5 a hanya, kuma wasu gyare-gyaren ba sa buɗewa sai ka same su. Ƙwayoyi kuma, ƙwarewar wuƙa da ke ba ka damar kuɓuta in kilika ya cafke ka tana da amfani ƙwarai, sai ƙarin lafiya da rage rawar hannu wurin saiti. Na ƙarin nisan ji ba shi da aiki a matakan da aka cire sauraron.

Akwai wurare biyu da ya kamata ka yi musu tanadi tun da wuri. Na farko ɗakin wasanni na makarantar da ke garin Bill, inda za ka fara haɗuwa da kumburarre, wani ƙaton mai cuta da ke jifa da ƙullin guba. Wannan dole ka kashe shi. Wuta ce lagonsa, don haka ka iso da kwalbar wuta ko biyu da bam, ka ƙona shi tukuna sannan ka bi da bindiga, kana zagaye kada ya taɓa ka. Na biyu shi ne ƙarƙashin otal ɗin Pittsburgh, bayan Joel ya faɗo shi kaɗai cikin ruwa da duhu. A nan ba dole ba ne ka kashe kumburarren. Kafin ka taɓa janareta, hau sama ka ɗauko katin buɗe ƙofa, ka shirya don ɗaukarsa kan tayar da masu laɓe, wato masu cutar da ke ɓuya su yi maka kwanton ɓauna. Bi hanya daga janareta zuwa ƙofar har ka haddace ta. Sannan ka tayar da injin ka zura da gudu, bam ɗaya a hannu ko da wani ya tare maka gaba.

In lokacin hunturu ya zo za ka riƙe Ellie, lissafin sai ya canza. Wuƙarta ba ta karyewa, tana iya lallaɓawa ta soke kilika ba tare da asara ba, don haka almakashinta duk ya tafi ga bam. Amma ba ta da ƙarfin Joel a dambe, kuma akwai faɗan da za a tsare ta tare da David, wani mutum da ta haɗu da shi a daji, inda babu wurin ɓuya, sai an kashe duk abin da ya shigo. Kwashe duk abin da ke ɗakin kafin su fara ɓarkowa, ka dasa bam a bakin hanyar da suke bi, ka bar harsashin bindigar farauta don kilika da kumburarren da ke zuwa daga ƙarshe.