Babi na 7: Bayan ritaya, ina za a wuni, kuma wa zai taimaki mai jinya?

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta ƙara wa malaman firamare da sakandare zuwa 65 ko 40, ko da yake ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita ba. Mai shekara 60 galibi da sauran ƙarfinsa. Abin da ke saurin kwantar da shi shi ne ya wayi gari ba inda ake jiransa. Sai barcin rana ya yawaita, na dare ya ƙi zuwa, faɗa da iyali ya ƙaru a kan abin da bai kai ya kawo ba. Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi, a fara da tsara wuni.

Fita kullum

A sa wa tsoho dalilin fita daga gida kowace rana, ko da zuwa bakin layi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsofaffi su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana 5. Wanda ya daɗe bai yi tafiya ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara minti 5 duk mako. Saurin da ake so shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru amma ana iya hira da abokin tafiya. Daga Maris zuwa Mayu a fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, a sha ruwa kafin fita, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da jikinsa na bukatar ruwa. Da hunturu kuma a jira hantsi, saboda sanyi da ƙura suna tayar da tari da asma. Idan ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebi mutum, a tsaya nan take, a ga likita kafin a sake fita.

Mai ciwon sukari kada ya yi wannan tafiya da silifa. Ƙafarsa ba ta jin ƙaya ko tsakuwa sosai, ƙaramin rauni kuma kan zama gyambo. Ya sa takalmi rufaffe mai taushi, a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare.

Majalisa, dara da karatu

Majalisar ƙofar gida ita ce wurin hutawar da ba a biya. A nan ake jin wanda ya rasu, wanda ya kwanta, da ranar da fansho ya shiga. Aibinta biyu: zama wuri ɗaya tun hantsi har la'asar, da shayi mai sukari kofi bayan kofi. A yanke mata lokaci, misali daga la'asar zuwa magariba. Dara ta fi hirar siyasa amfani ga ƙwaƙwalwa, kuma ba ta cin ko sisi: gurbi 30 a ƙasa, layi 5 na gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa.

Karatun zaure bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha yana ba da abin da ofis ya saba bayarwa, wato lokaci tsayayye da abokai da darasin gobe. Mata suna da Islamiyyar matan aure, Kiristoci suna da zumuntar mata da ta maza a coci. Ajin yaƙi da jahilci ma haka yake. A Kano Hukumar Ilimin Manya tana aiki tun 1980, sauran jihohi ma suna da tasu. Tsohon malami ko akawu yana iya zuwa ofishinsu na ƙaramar hukuma ya nemi ya koyar. Kwamitin kula da makarantar unguwa da kwamitin asibitin mazaɓa suna neman wanda ya iya rubuta wasiƙa da riƙe lissafi, mai unguwa ne zai nuna hanyar shiga.

An fi mantawa da tsofaffin mata, musamman wadda mijinta ya rasu. Sai a ce “Hajiya ki huta”, a karɓe mata tsinkar zogale da gyaran wake da renon jika, a bar ta da rediyo a ɗaki. An yi haka don girmamawa, amma cutarwa ce. A bar mata aikin da hannunta ke iyawa, a kuma sa yaro ya raka ta barka da suna da gaisuwar rasuwa. Zumunci a ƙafa yake.

Sau ɗaya a wata a ɗan yi nisa. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da gidan zu na Audu Baƙo da ɗakin karatu na Murtala Muhammad. A Kaduna akwai Gidan Arewa, a Katsina hasumiyar Gobarau. A je da safe, a tafi da ruwa da maganin da ake sha da rana.

Lambu da kiwo a tsakar gida

Buhun shinkafa da aka juye ya isa lambu. A huda gindinsa wuri 5 ko 6 don ruwa ya fita, a cika shi da ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya daɗe a tare ya ruɓe. Alayyafo yana isa yanka cikin mako 4 zuwa 5. A ɗora buhun a kan bulo don kada mai ciwon baya ya riƙa sunkuyawa. Kaji kuwa a fara da 5 zuwa 10, a yi musu rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba ke share kajin unguwa. Mai son turkar rago ya saya wata 3 ko 4 kafin Babbar Sallah, ya fara da ba shi maganin tsutsar ciki, in ba haka ba dusa da harawa a banza za su tafi.

Wannan duk don motsa jiki ne da kuɗin cefane. Kada a zuba garatuti gaba ɗaya a gidan kaji ko motar haya ko wata sana'ar da mutum bai taɓa yi ba. Kuɗi ne da ba ya zuwa sau biyu.

Takardun fansho

Da farko ɗan fansho ya san a wane tsari yake. Wanda ke sabon tsarin da aka kafa a 2004, aka gyara a 2014, yana da asusu a kamfanin fansho, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 na albashi, mai ɗaukar aiki kashi 10. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kamfanonin, can ake kai ƙorafi idan kamfani ya ƙi saurare. 'Yan fanshon tarayya na tsohon tsari suna ƙarƙashin hukumar PTAD. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuma suna bin hukumar fanshon jiharsu, kowace da dokarta. Da yawa suna ɓata kuɗin mota ne saboda sun je ofishin da ba nasu ba. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, NUP, tana da rassa a jihohi, kuma a wurin taronsu ake fara jin ranar tantancewa.

A haɗa waɗannan a fayil ɗaya: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ta ritaya, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardun albashin watannin ƙarshe, lambar NIN ta katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki. A yi kwafi 2, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗa ko 'ya amintacciya. Abin da ya fi tsayar da biya shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa: Muhammad a banki, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Mamman a fayil ɗin ofis. Kwamfuta tana ɗaukarsu mutum uku ne. A daidaita su tun ana saura shekara guda a ajiye aiki.

PTAD tana da tsarin tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye ta intanet, da hoton fuska ko zanen yatsa, don haka wanda ke kwance ba sai an ɗauke shi zuwa layi ba. Tantancewa kyauta ce. Duk wanda ya bugo waya ya ce a turo kuɗi don a fito da bashin fansho, ko ya nemi lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, ɗan damfara ne. A kashe wayar.

Asibiti

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta yi tanadi don masu rauni, har da tsofaffi. Rajista ana yinta ta hukumar jiha, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, kuma gurabe suna da iyaka. A tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, a tafi da lambar NIN. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano da makamantansu. Kada a kai tsoho wurin mai sokar ido na gargajiya, makanta yake jawowa.

A sayi littafi mai shafi 40 don mara lafiya shi kaɗai. A rubuta sunan kowane magani, lokacin sha, awon jini da ranar komawa. Awon da ke kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai yana bukatar likita. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce: a nufi babban asibiti a take, kada a ɗura ruwa ko rubutu a baki, domin maƙogwaro ba ya haɗiya daidai, ruwan sai ya faɗa huhu.

Mai jinya

A yawancin gidaje jinya tana faɗawa kan mace ɗaya: matar gida, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko surukar da ke zaune a gidan. Sauran 'ya'ya suna zuwa ran Juma'a da lemo, su ce “sannu da ƙoƙari”, su tafi. Ba a daɗewa ita ma sai ta kwanta.

A kira taron 'ya'ya, babban wa ko kawu ya shugabanta, a rubuta abu uku a takarda. Wa ke kwana da Baba a wane dare? Nawa kowa zai bayar a wata, kuma a hannun wa? Wace rana ce mai jinya za ta fita, wa zai zauna a madadinta? A ba ta wuni ɗaya cikakke a mako, da dare 2 na barci ba tashi. Wanda ke Legas ko Abuja ba zai kwana ba, to ya biya wanda zai kwana. 'Ya'ya maza su ɗauki wankan mahaifinsu da kai shi banɗaki, ya fi masa sutura, ya kuma fi wa mace sauƙi.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk awa 2: dama, rigingine, hagu. Nauyin jiki yana danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ke kusa da fata, wato ƙugu, gindin baya, diddige da kafaɗa, sai naman wurin ya mutu. Alamar farko ita ce fata ta sauya launi ko ta yi zafi ko tauri. Kada a murza wurin, a ɗauke masa nauyi. A sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin sangali don diddige ya tashi daga katifa. Ledar shimfiɗa a rufe ta da zane, kada ta taɓa fata, zanen kuma a miƙe shi ba tattara. Jiƙaƙƙen zane a canza shi nan da nan.

Wajen ɗagawa kada a ja hannun da ya shanye, kafaɗa tana gocewa. Mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinsa, su lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe. A nemi ma'aikatan sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa, su nuna wa mai jinya motsa gaɓoɓin da za ta riƙa yi masa a gida.

Tsofaffi sun fi faɗuwa a hanyar banɗaki da dare. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a ajiye tocila kusa da matashi, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Mai ciwon gwiwa a huda masa kujera a ɗora kan masai, alwala kuma ya yi a zaune.

Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Tsohuwar da ke fita da dare, ko take kiran matattu, ko ta ce an sace mata kuɗi, ba mayya ba ce, ba kuma da gangan take yi ba. Kada a yi musu da ita, kada a ɗaure ta. A amsa mata a taƙaice, a janye hankalinta zuwa wani abu. A ɗinka lambar wayar gida a jikin mayafinta, a sanar da maƙwabta da mai shagon layi. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu daban ce: sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa ko sukari, kuma tana warkewa idan an je asibiti da wuri. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Mai jinyar da ta daina barci, take kuka ba dalili, ko ta fara yi wa mara lafiya tsawa, ita ma ta ga likita, a kuma rage mata aiki a makon.

Idan kuɗi ya gaza, a rubuta takarda zuwa hukumar zakka ta jiha, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ko ta Zakka da Waƙafi ta Sakkwato, ko sashen walwalar jama'a na asibiti. A haɗa da takardar likita mai nuna kuɗin da ake bukata, da shaidar mai unguwa ko liman.

Aikin aji

Ja layi 7 a littafinka, ka rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a. A gaban kowace rana rubuta inda tsohon gidanku zai je, da sunan wanda zai kwana da shi. Zagaye ranar hutun mai jinya. Sannan ka duba katin ɗan ƙasa da takardar banki na tsohon, ka kwafi sunan da ranar haihuwar da ke jikin kowanne, harafi bayan harafi, ka zo da su aji mako mai zuwa.