Yadda za ki fara motsa jiki lokacin jinyar kansar mama

Gajiyar kemo, wato magani mai ƙarfi da ake ba mai kansa don kashe ƙwayoyin cutar, ba irin ta aikin gida ba ce, barci ba ya kore ta. Ni tafiya ce ta rage min ita, duk da 'yan uwa kullum cewa suke, "Yaya, ki kwanta ki huta."

Fara da minti biyar a tsakar gida bayan asuba, kafin rana ta take. In jiki ya karɓa, ki riƙa ƙarawa har minti 30, sau uku a mako. Numfashi ne ma'auninki: in kina iya hira kina tafe, daidai ne, in magana ta gagara, sassauta. Maƙwabciyata nake ja, don ni kaɗai ƙyuiya ke cin ƙarfina.

Bayan tiyata kafaɗa kan sandare. Fuskanci bango, yatsunki su hau shi sannu-sannu, ki tsaya inda hannun ɓangaren tiyatar ya fara ja. Amma sai likita ya amince tukuna. Hannun ya kumbura ko ya yi nauyi? Je ki nuna.

Ranar jiri a haƙura. Zazzaɓi kuwa lokacin kemo, asibiti ake garzayawa, ba a jiran wayewar gari. In cutar ta taɓa ƙashi, ko bokitin ruwa kada ki ɗaga sai an duba ki.