Kurakuran da ɗaliban jinya suka fi yi wajen duba mara lafiya daga nesa

Tun 2020, da annobar korona ta sa aka rage cunkoso a asibitoci, duba mara lafiya ta bidiyo ya zama ruwan dare. Sai dai ɗalibi kan manta cewa hannunsa ba ya kai wa ga jikin da yake dubawa.

Babban kuskure shi ne amincewa da duk lambar da na'ura ta nuna. Ɗauki 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin a jini. Yatsa mai sanyi, ko jan farce, ko motsin hannu, kowanne yana iya sa ta yi ƙarya. A 2021 ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa launin fata na iya shafar sakamakonta, kuma a fata mai duhu takan nuna lamba sama da gaskiya. To, idan ta ce kashi 97 cikin 100, wato lamba mai kyau, amma mutum yana haki, ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ka bi abin da idonka ya gani. Ka sa shi ya ɗumama hannu, ya sauya yatsa, ka ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya.

Awon hawan jini ma haka. Kada ka tsaya a "Nawa ya nuna?" Ka ce, "Baba, sake aunawa ina kallo." Nan za ka ga ya ɗaura abin a kan hannun riga, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ta hira. Ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, damtsensa daidai da zuciya, bakinsa shiru.

Haske kuwa, abu ne mai sauƙi amma ana raina shi. Wanda ya ba taga baya ya zama inuwa, ba za ka ga alamar ciwon shawara a idonsa ba. Ya juya ya fuskanci hasken.

Akwai masu tambayar "Kin gane?" su ɗauki "Eh" su wuce. Kunya kaɗai ta isa ta sa a ce eh. Ka ce ta maimaita maka yadda za ta sha maganin da bakinta. Ka kuma tambayi wa ke ɗakin tare da ita, don ba kowace magana ake faɗa a gaban kowa ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fara hira ba a tabbatar da suna da ranar haihuwa da inda mutum yake zaune a wannan lokacin ba. In ya yanke jiki ya faɗi, ko intanet ya ɗauke, ina za ka tura motar asibiti? Ka karɓi adireshi da lambar wayar da za ka sake kira tun kafin ka tambaye shi abin da ke damunsa.