Ga Sababbin Ɗalibai a Damagaram: Tsohuwar Kindle, Amfaninta da Ciwon Kanta

Duk shekara idan aka koma karatu, cikin ƙannenmu da ke tsallakowa daga Kano, Katsina, Daura da Gumel zuwa Damagaram, ba a rasa masu tsohuwar na'urar karanta littattafai a jaka. Galibi Kindle ce ta gwanjo, ko dai wani yaya ya bar wa mutum, ko an tsince ta da araha a kasuwar waya. Kafin a yi nisa sai ka ji ana cigiyar mai gyara: ta ƙi karɓar littafi, ta ƙi ɗaukar caji, fuskarta ta dare. Matsalolin iri ɗaya ne kowace shekara, kuma yawancinsu da an yi tambaya kafin a taɓa, da ba su faru ba.

Ƙananan abubuwa tukuna. Soket ɗin nan mai rami biyu ne zagayayye, don haka kan caja mai ƙafa uku da ka zo da shi daga gida yana buƙatar mahaɗi, kuma ana samunsa a Kasuwar Dole. Idan mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Wannan cikin mako guda za ka saba.

Dalilin da ya sa muke cewa na'urar ta dace da garin nan shi ne batirinta. Fuskarta ba ta cin wuta sai lokacin da aka juya shafi. Rubutun da ya zauna yana nan zaune ko da babu caji ko kaɗan. Idan ka kashe Wi-Fi, kuma batirin bai tsufa ƙwarai ba, caji ɗaya na kai ka makonni. Wanda yake nan a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san darajar abin da ba ya neman caji kullum. Na biyu, tsakar rana a gindin darbejiya, inda fuskar waya ke dushewa, ita a nan rubutunta ya fi fitowa, kuma ido ba ya zafi. Na uku, babu WhatsApp a ciki. Kada ka raina wannan.

Sai dai ka san wacce ke hannunka, don ba duka suke ɗaya ba. Ta farko, ta Nuwamban 2007, an yi ta ne don layin wayar Amurka, cajarta ma daban ce. Kada ka saya. Ta biyu, ta 2009, tana da ma'ajiyar giga 2. Wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu ita ce ta 2010 mai maɓallan rubutu a ƙasa: giga 4, nauyi wajen giram 240, da ramin abin sa wa kunne. Ta 2011 ba ta da maɓallan rubutu, ba ta da sauti, amma ana iya mayar da umarninta zuwa Faransanci, abin da ta 2010 ba ta yi. Duk waɗannan babu fitila a jikinsu. Sai a 2012 Paperwhite ta zo da haske. Ma'ana, idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da dare, sai ka nemi cocila mai ɗaurawa a goshi. Idan mai sayarwa ya ƙara kuɗi wai tasa mai 3G ce, ka wuce. Layin da ke cikinta na Amazon ne, kamfanin da ya ƙera ta, ba a yi ta don ka sa mata Airtel ko Moov ko Zamani ba.

Wurin saye akwai tarkon da ke kama kusan kowa. Tun da hoto yana zama a fuskarta ko ta mutu, matacciyar na'ura da mai rai kamanninsu ɗaya a kan tebur. Ka kunna ta da hannunka, ka juya shafi kamar goma gaba da baya. Baƙin walƙiyar da take yi wurin juyawa ba lahani ba ne, haka take wanke fuskarta. Lahani shi ne layuka a tsaye ko a kwance, ko wani ɓangare da ya daskare da tsohon hoto: siririn gilashin da ke ƙarƙashi ya fashe, kuma ba ya gyaruwa sai an canza fuskar gaba ɗaya. Masu gyaran waya na garin nan gwanaye ne, amma wannan fuska ba kayan da suke ajiyewa ba ne, sai an yi oda, kuma kuɗin na iya kamo na wata na'urar. Ka kwantar da ita a kan tebur ka duba bayanta. Idan ya yi tudu, batiri ya kumbura.

Yanzu ga inda ake shan wahala, wato shigar da littafi. Sabon zuwa yana zaton zai haɗa ta da intanet ya yi ta saukewa. Tun Agustan 2022 Amazon ta rufe wa tsofaffin nan ƙofar shagonta daga cikin na'urar, a Fabrairun 2025 kuma ta cire hanyar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don turawa ta kebul. To ka cire rai daga shagon. Ka ɗauke ta a matsayin rumbu wanda kai ne za ka riƙa zuba masa hatsi da hannunka, kuma ta wannan fuskar tana aiki lafiya ba tare da rajista ba.

Rajistar ita ce takardun na'urar, kuma a nan ake yin ɓarna. Shiga wurin saituna ka ga ko har yanzu sunan wani ne a kai. Idan akwai littattafan da tsohon mai ita ya saya, a ɗaure suke da wannan na'ura. Ko ka kwafa wa abokinka ba za su buɗe a tasa ba. Idan kuma an taɓa kai rahoton ɓatanta, kamfanin ba zai yarda a sake yi mata rajista ba. Abin da sababbi ke yi shi ne, da sun ga sunan baƙo sai su danna umarnin mayar da ita sabuwa fil. Wannan yana share duk abin da ke ciki, kuma ƙamus na iya tafiya tare da sauran, alhali ƙamus ɗin shi ne rabin amfaninta ga mai koyon harshe. Kafin ka taɓa komai, haɗa ta da kwamfuta, ka kwafe foldar da ake kira documents dungurungum ka ajiye. Bayan haka ma, idan sunan baƙon ba ya hana ka barci, bar shi, ka kashe Wi-Fi ka ci gaba da karatunka.

Ka haɗa ta da kwamfuta, fitilar caji ta kama, amma kwamfutar ba ta gan ta ba? Kafin ka zargi na'urar, canza kebul. Yawancin masu arha na caji ne kaɗai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Bakin micro-USB take amfani da shi, irin na tsofaffin wayoyin Android. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya turawa daga wayarsa da ɗan mahaɗin OTG, idan wayar na karɓa. Littafi kuma a cikin documents ake sa shi. Idan ka jefa shi a waje ba zai bayyana ba.

Sai nau'in fayil. Mafi yawan littattafan Faransanci na kyauta, irin na Wikisource da Gallica da Project Gutenberg, za ka same su a EPUB, tsohuwar Kindle kuwa ba ta buɗe EPUB. Abin da take ci shi ne MOBI, AZW, TXT da PDF. Maganin shi ne manhajar Calibre, kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an girka ta: ka zuba littafin, ka zaɓi juyawa zuwa MOBI, ka tura. Ta 2010 tana karɓar AZW3 ma idan manhajar cikinta ta kai lamba 3.4, lambar na ƙasan shafin saituna. Masu tsohuwar Sony, irin PRS-505, su EPUB ɗin suke buɗewa kai tsaye idan an sabunta ta, har da ramin katin ajiya, sai dai ita kebul ɗinta mini-USB ne, wanda ya fi wuyar samu yanzu. Kuma don Allah kada ka zuba littafi ɗari uku rana ɗaya. Kowane littafi da ya shiga sai ta bi shi kalma-kalma don ta iya bincike a cikinsa, wannan aikin kuwa yana shanye batiri. Idan fayil ɗaya ya lalace, sai ta maƙale a kansa ta yi ta juyi har caji ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, mai ita ya ce batiri ya mutu. Gwajin mai sauƙi ne: daga shafin farko ka nemi wata kalma marar ma'ana, za ta nuna maka littattafan da ba ta gama bi ba. Wanda ya kwana biyu a jerin, goge shi.

Rubutunmu ma yana da nasa rigima. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a nan Nijar a inda mu muke sa 'y, a wasu tsofaffin suna fitowa akwati-akwati ko alamar tambaya, a wasu kuma su fito da wata siffa dabam da sauran haruffa. Ka tafi wurin saye da ɗan fayil mai waɗannan haruffa ka gwada. Larabci ya fi muni: a MOBI haruffa na iya rarrabuwa, wasulla su tarwatse. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce PDF da aka yi daidai da fuskar. Buɗe rubutun a kwamfuta, mayar da girman shafi santimita 9 a faɗi da 12 a tsawo, rage gefe ya zama kamar rabin santimita, sannan ka adana shi a PDF. Haruffan suna tafiya tare da fayil ɗin, don haka yadda ka gani a kwamfuta haka zai fito. Alƙur'ani da littattafan addini masu wasali, PDF kaɗai za ka amince wa, kuma ka gwada shafuka da bugaggen kwafi kafin ka dogara da shi.

Babban abin da ke sa sababbi su yi fushi da ita shi ne takardun darasi. Malami ya raba darasi a shafin A4, santimita 21 da kusan 30, sau da yawa ma hoton takarda ne aka ɗauka da waya aka turo. Ka matse wannan cikin fuska mai inci 6, rubutu ya koma ƙanana ƙwarai, kuma ba ya ƙaruwa da maɓallin girman haruffa don hoto ne. Ana rage zafin abin: a kwantar da fuskar a karanta rabin shafi a lokaci guda, ko a yanke fararen gefuna da manhajar Briss, ko a sake jera layukan da K2pdfopt. Duk da haka, zanen da ke da launi ya tafi, domin toka-toka hawa 16 kaɗai take nunawa. Ɗalibin likitanci da ke son bambance jijiya ja da shuɗiya, ko mai karatun taswirar ƙasa, ba abin da zai gani. Juya shafi don neman wani jadawali a baya ma yana da nawa. Akwai babbar, DX mai inci 9.7, wadda ta fi dacewa da PDF, amma nauyinta ya haura rabin kilo kuma ba ta da Wi-Fi. A ganina, takardun darasi a kai su wurin fotokofi a biya 'yan daloli a huta. Na'urar a bar ta ga littattafan adabi, tarihi, doka, da duk abin da rubutu ne zalla.

A nan ne take biyan kuɗinta ga mai fama da Faransanci. Ka kai alama kan kalma, ma'anarta ta fito a gefen shafi ba tare da ka bar layin ba. Ta 2010 da ƙamus na Ingilishi take zuwa, don haka sai ka nemi na Faransanci a MOBI wanda aka gina shi a matsayin ƙamus, ka sa a documents, ka zaɓe shi a saituna ya zama na farko. Ka gwada shi da aikatau da aka sarrafa. Ƙamus marar kyau siffar asali kaɗai yake ganewa, sauran ya yi shiru. Muryar da ke karanta littafi da ƙarfi kuwa ta Ingilishi ce, kada ka koyi lafazin Faransanci a bakinta, 'yan ajinku za su yi maka dariya. Yayyenku da suka riga ku zuwa sun tara ƙamusoshi da littattafai da aka riga aka juya, kuma a nan ba a san rowar irin wannan ba. Ka yi sallama ka tambaya kafin ka ƙona kuɗin data.

Kamfanin ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 da 35, a ajiye ta ƙasa da 45. Damagaram a Afrilu da Mayu tana haura 40 a inuwa. Saboda haka ba a barin ta ƙarƙashin kujerar babur, ko bakin taga, ko ɗakin kwano a rufe da azahar, kuma caji da dare ko da asuba ake yi. Zafi ke kumbura batiri, kumburin kuma ya tokare gilashi daga ciki. Da hunturu ƙura na shiga maɓallai da ramin caji. Tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa, sai leda mai zif idan za a yi tafiya. A jaka, sa ta tsakanin littattafai biyu masu tauri, fuskarta ba ta kallon caja ko makulli. A kan kabu-kabu kada jakar ta shiga tsakaninka da bayan direba.

Idan ta daskare, riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 20 zuwa 40 ka saki, ka ba ta minti ɗaya. Idan ta nuna hoton batiri wayam, bar ta a caji na bango awa huɗu ko fiye kafin ka yanke mata hukunci. Fitila ruwan lemo na nufin tana sha, kore ta ƙoshi. Inuwar tsohon shafi da ke saura a ta 2010 tana gogewa idan ka danna maɓallan Alt da G tare.

Kwamfutocin shagunan buga takardu su ne haɗari na ƙarshe. Kwamfuta tana ganin Kindle tamkar filashi, don haka ƙwayar cutar nan mai ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu tana kama ta ita ma. Littattafan ba su goge ba, ɓoye su aka yi, kuma wanda ya iya kwamfuta zai fito da su. Kada ka yarda a yi mata fomat. Duk layin da ka ja da duk bayanin da ka rubuta suna taruwa a fayil ɗaya mai suna My Clippings a cikin documents. Kwafe shi zuwa wayarka duk ƙarshen wata, musamman gab da jarrabawa.