Darasi Na 9: Ciwon Mara Mai Tsanani, Garkuwar Jiki Da Jinkirin Haihuwa

Mu fara da karanta wannan hira. Ɗalibai biyu su tashi, ɗaya ta zama Goggo, ɗaya ta zama 'yar ɗan'uwanta.

"Goggo, sannu da zuwa. Ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Yau ma a kwance na same ki?"

"Wallahi Goggo, lokacin ne ya zo. Kwana biyu ke nan ban ɗora tukunya ba. Ko bayan gida na zaga sai na yi hawaye."

"Haƙuri za ki yi. Mu ma haka muka sha. Da kin haihu zai tafi."

"To ai haihuwar ce shiru, Goggo, shekara huɗu fa. Maganin sanyi kuwa na sha har na gaji, na kemis da na gargajiya."

Goggo ta yi maganarta ne da zuciya ɗaya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mata da yawa suna jin murɗar mara kwana ɗaya ko biyu, ta wuce. Amma ciwon da zai kwantar da mace duk wata, ya hana ta girki, ya hana ta kasuwa ko makaranta, ya wuce a ce mata haƙuri kawai. Yana iya zama cutar da likitoci ke kira endometiriyosis. Sunan da tsawo. Mu rarraba shi mu faɗa tare: en-do-me-ti-ri-yo-sis.

Mece ce wannan cuta?

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi. Duk wata takan yi kauri domin ta karɓi ciki. Idan ciki bai shiga ba sai ta zube, shi ne jinin al'ada. Ga mai wannan cuta, nama irin na shimfiɗar nan yana tsirowa a inda ba gidansa ba: a kan ma'ajiyar ƙwai, a jikin bututun da ƙwai ke bi, a bayan mahaifa, wani lokaci har a kan hanji ko mafitsara. Sinadarin mata da ake kira istirojin shi ne abincinsa. Duk wata shi ma yana kumbura, yana tsattsafo da jini, alhali jinin ba shi da ƙofar fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa tana da ita, wato mata kusan miliyan 190 a duniya. A ajin da ke da mata 30, kada a yi mamaki in an sami biyu ko uku.

Gero a tsakar gida

A shekarar 1927 wani likitan mata ɗan Amurka, John Sampson, ya kawo bayanin da har yau aka fi ambata. Ya ce a lokacin al'ada ba duk jinin ke fita waje ba. Wani ɗan kaɗan yana komawa baya ta bututun ƙwai, ya zuba cikin mara, ɗauke da ɓarɓashin shimfiɗar mahaifa. Daga baya aka gano cewa wannan komawar tana faruwa ga mafi yawan mata, kusan 9 cikin 10. To me ya sa ɗaya ce kawai take kamuwa?

Ki tuna ranar da aka yi sussuka a gidanku. Gero yakan zube a tsakar gida ko yaya aka kula. Kafin la'asar kaji sun tsince shi tas. Amma a gidan da kajin suka yi sakaci, in ruwa ya sauka, bayan kwana uku sai ki ga tsiro a gindin turmi da bakin rariya.

Jiki ma yana da nasa kajin. Su ne fararen ƙwayoyin jini, rundunar da muke kira garkuwar jiki. Iri biyu ne suka shafi darasinmu. Na farko masu haɗiya, likitoci na kiransu makurofaj, aikinsu su lamushe duk wani datti da mataccen nama. Na biyu makasa, masu kashe ƙwayar da ta lalace ko ta sauka inda bai dace ba. Da aka auna ruwan da ke cikin marar mata masu wannan cuta, sai aka ga makasan sun yi sanyi, ba sa aiki da ƙarfinsu. Masu haɗiya kuwa sun ƙaru, amma haɗiyar tasu ta ragu.

Abin bai tsaya nan ba, kuma a ganina wannan ne ya fi ban mamaki. Masu haɗiyar nan da suka taru sai su riƙa fitar da sinadarai masu jawo kumburi, da wasu masu sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro su ciyar da naman. Kamar a ce kaza ta ƙi tsince geron, ta koma tana yi masa ban ruwa. Wurin kuma yana cika da wani sinadari, furostagalandin, mai sa murɗa da zugi. Idan kumburi ya daɗe sai ya bar tabo, tabon kuma ya manne kayan ciki da juna, kamar yadda danƙo ke manne takarda.

A kula da wani abu. Da an ce garkuwar jiki, tunanin mutane yakan tafi ga cuta mai karya garkuwar jiki. Ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Endometiriyosis ba a ɗaukar ta, miji ba ya kawo ta, ba ta kuma wucewa zuwa ga kishiya. Ba ciwon sanyi ba ce, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa ta. Gado dai yana da hannu: wadda uwarta ko 'yar'uwarta ciki ɗaya ke da ita ta fi kusa da samu.

Yadda take jinkirta haihuwa

Ƙwai da maniyyi suna haɗuwa ne a cikin bututu, kusa da ruwan nan mai kumburi. Sinadaran kumburin suna rage wa maniyyi gudu, suna taɓa lafiyar ƙwai, masu haɗiya kuma suna iya lamushe maniyyin kansa. Tabo yana iya lanƙwasa bututun ko ya toshe shi. A kan ma'ajiyar ƙwai wani lokaci ƙulli ke fitowa cike da tsohon jini mai duhu, ya rage yawan ƙwai. Ita kanta shimfiɗar mahaifa takan yi wuyar karɓar ciki. Akwai kuma abin da kunya ke hana a faɗa: zafi a lokacin kwanciyar aure yana sa mace ta riƙa gudun shimfiɗa, a ɗauka ƙiyayya ce.

Cikin mata 100 masu cutar, 30 zuwa 50 ne ke shan wahalar samun ciki. Ku lissafa saura. Rabi ko fiye suna haihuwa. Don haka kalmar juya ba ta da wurin zama a nan.

Abin yi

Idan ma'aurata sun shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai samu ba, su je asibiti su biyu. Idan matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa. Na ce su biyu, domin kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, gwajinsa kuma ya fi sauƙi da arha.

A nemi ganin likitan mata a babban asibiti ko asibitin koyarwa. Zai yi tambayoyi, ya duba, ya tura hoton ciki. Hoton yana nuna ƙulli, amma ƙananan tsiro sukan ɓuya masa. Wani lokaci sai an yi 'yar ƙaramar tiyata ta leƙe, a huda kusa da cibiya a zura kyamara, in an ga tsiron a cire shi a lokacin.

Maganin da ke kawar da cutar gaba ɗaya babu shi tukuna, amma akwai sauƙi. Maganin zafi irin su ibufurofen yana rage furostagalandin, sai dai mai gyambon ciki ko mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita. Ƙwayoyin tsarin iyali, allura, ashanar hannu ko robar mahaifa mai sinadari suna kwantar da tsiron, amma muddin ana kansu ciki ba zai shiga ba. Saboda haka ki faɗa wa likita tun farko ko haihuwa kike nema yanzu. Mai neman haihuwa ana iya yi mata tiyata, ko a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa mata, hanyar da aka fara haihuwa da ita a Ingila a 1978. Kwalaben da ake talla wai suna ƙara garkuwar jiki kuwa, babu wanda aka tabbatar yana warkar da wannan cuta. Ki riƙe kuɗinki don kuɗin mota da kati.

Tambayoyi

1. Su wane ne kajin jiki, kuma ina suka gaza?
2. Me za ki ce wa Goggo cikin ladabi?
3. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: mahaifa, garkuwa, kumburi, tabo.

Aikin gida

Mata da yawa suna yin shekaru suna yawo kafin a gane abin da ke damunsu, domin in likita ya ce "yaushe ya fara?" sai a ce "ya daɗe". Yanzu kin iya rubutu. Ki ware shafi a bayan littafinki, ki ja layi huɗu. A na farko rubuta kwanan wata. A na biyu, ko akwai jini ko babu. A na uku ki ba zafin maki daga 1 zuwa 10. A na huɗu rubuta abin da ya hana ki yi, kamar "ban yi girki ba" ko "zafi wurin fitsari". Ki cika shi har wata 3, sannan ki tafi da littafin asibiti. Wadda ba ta da ciwon ta rubuta wa maƙwabciyarta da ba ta shigo aji ba tukuna.